Yadda na je Legas koyon aikin sauya gwiwa, daga takardar izini har zuwa riƙe zarto

Tun da na dawo daga Legas, kusan kowane mako sai wani daga cikin ƙannena a aiki ya tare ni a barandar sashen ƙashi, ko ya kira ni da dare, tambayar kuma ba ta sauyawa: ta ina ake farawa idan mutum yana son ya je ya koyi aikin sauya gwiwa, wato a yanke bakin ƙasusuwan gaɓar da suka zaizaye a sa ƙarfe da roba a madadinsu, me zai tanada, kuma wai da gaske ana barin baƙo ya riƙe zarto? Wannan ba amsar da za a bayar a tsaye ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya gudana a kaina.

A asibitin koyarwar da nake a Arewa, karaya ce ke cinye mana ɗakin tiyata. Hatsarin mota, faɗuwar babur, harbin bindiga, ga ƙafafun da suka lalace a hannun masu ɗori kafin a kawo mana su. Dattijon da guringuntsin gwiwarsa ya cinye kuwa, idan mai hali ne sai ya nufi Indiya ko Masar ko Saudiyya, idan ba shi da shi sai ya koma gida da sanda da ƙwayar rage zafi. Ta haka likita zai kai gab da jarrabawar ƙarshe bai san aikin nan ba sai a littafi da bidiyo. Ana yin sa a asibitin ƙashi na Dala a Kano, kuma shi ya fi kusa da mu, mutanenmu da yawa can suke zuwa. Ni abin da ya kai ni Legas shi ne malamina yana da abokin karatu a can wanda gwiwa da ƙugu ne kawai aikinsa. Legas tana da wurare da dama: asibitin ƙashi na Igbobi da ya samo asali tun shekarun 1940, da asibitin koyarwa na Idi-Araba, da na jiha a Ikeja, da asibitocin kuɗi. A ɗaya daga cikin na gwamnati na samu gurbi.

Matakin farko takardu ne, kuma a nan aka fi ruɗewa. Asibitinka ba zai sake ka ba sai ya ga takardar karɓa daga can, su kuma can ba za su rubuta takardar karɓa ba sai sun ga buƙata daga asibitinka. Idan ba ka san tsarin ba, sai ka yi ta zarya tsakanin ofisoshi kowa yana ce maka yana jiran ɗan'uwansa. Hanyar ita ce ka fara samun amincewar babban likitan da za ka zauna a ƙarƙashinsa da baki, ko ta waya. Daga nan shugaban sashenku ya rubuta buƙata, ta bi ta hannun mai kula da horon likitoci, ta fita da sa hannun hukumar asibiti zuwa hukumar wancan asibitin. Idan amsarsu ta dawo, da ita za ka nemi takardar saki. Takardar buƙatata ta kwanta a wani ofis a can har sai da na roƙi wani abokina da ke Legas ya je da ƙafarsa ya bi sawunta, zuwa da kai ya fi aike. Ka haɗa lasisin aikinka na MDCN, hukumar rajistar likitoci ta ƙasa, na shekarar da ake ciki, da sakamakon jarrabawar ƙwarewa ta matakin farko, da shaidar rigakafin ciwon hanta, da hotunan fasfo, ka yi kwafi fiye da yadda kake zaton za a nema. Akwai kuɗin da asibitin ke karɓa daga likitan da ya zo horo daga waje, ta Remita na biya, rasitin kuma kada ka bari ya ɓace don sai an sake tambayarsa ranar sallama. Ka tambayi naku asibitin tun da wuri ko su za su biya ko kai, a rubuce, domin maganar baki ba ta fitar da kuɗi daga ofishin akanta.

Abu ɗaya da ba kowa ke tunawa da shi ba: ka tabbatar kwalejin ƙwarewar likitoci da kake bi ta amince da sashen da za ka je a matsayin wurin horo. Kwalejin ƙasa, wato NPMCN da aka kafa a 1979, tana Ijanikin a kan hanyar Badagry, ta likitocin tiyata na Afirka ta Yamma kuma tana Yaba. Idan sashen ba ya cikin jerinsu, ayyukan da za ka rubuta a littafinka ba lallai su shiga lissafi ba.

Da na sauka Legas, gidan kawun matata a Agege na fara zama. An karɓe ni hannu biyu, ga tuwo ga hira da Hausa kamar ban bar gida ba, amma hanya ta hana ni jin daɗin wurin. Zagayen marasa lafiya da sassafe ake farawa, don haka sallar asuba a hanya take samu na, ranar da aka yi ruwa kuwa sai dai addu'a. Neman ɗaki na kaina bai yiwu ba, saboda masu gidaje na shekara suke karɓa, ga kuɗin dillali ga na yarjejeniya, ni kuma 'yan watanni zan yi. Daga baya wani likita ɗan Sakkwato da ya riga ni zuwa ya raba ɗakinsa da ni kusa da asibiti, muna haɗa kuɗin wuta da ruwa. Wanda zai je ya nemi irin wannan tun yana gida. Ranar Juma'a mukan gangara Idi-Araba mu yi salla mu ci abincin gida, sauran kwanaki kuwa amala da ewedu sun zama dole, har na saba.

Na je da ɗokin ɗakin tiyata, sai babban likitan, wanda kowa ke kira Cif, ya ajiye ni a ɗakin ganin marasa lafiya. Makonnin farko ban taɓa wuƙa ba, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya sosu, ina ganin na baro iyalina na zo ina abin da nake yi a gida. Amma ba irin ganin da na saba ba ne. Ba ya yarda ka duba hoton ƙashi kafin ka kalli mutum yana tafiya. Za ka sa shi ya tashi daga kujera, ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ka ga ko ƙafar ta yi baka ko ta yi gwame, ka ga ko gwiwar tana zillewa gefe idan ya ɗora nauyi. Sai ka kwantar da shi ka juya ƙugunsa, domin ciwon ƙugu yakan sauko ya fito a gwiwa, haka ma ciwon baya. Ka taɓa bugun jini a ƙafa, ka duba fata ko akwai gyambo ko tsohon tabo, ka auna iya inda gwiwar ke miƙewa da inda take lanƙwasawa, ka gwada ko karkacewar tana gyaruwa da hannu ko ta kafe. Hoton da aka ɗauka mutum yana kwance kuwa mayar da shi yake yi, sai na tsaye, wanda nauyin jiki ya matse gaɓar, da na gefe, da na ƙoƙon gwiwa, in da hali da dogon hoto daga ƙugu har idon sawu. Ma'aunin Kellgren da Lawrence na 1957, mai auna zaizayar gaɓa a hoto, muke bi, mataki na 4 shi ne inda ƙashi ke gogar ƙashi. Duk da haka na ga ya sallami masu mataki na 4 da shawarar rage ƙiba da motsa jiki da magani, saboda suna barci lafiya suna zuwa kasuwa. Wanda yake sa wa rana shi ne wanda ciwo ya hana barci, ya hana fita, an gwada sauran hanyoyi ba su yi ba. Tambayar da yake jefo mana kullum ita ce, me ya sa yau, me ya sa wannan mutumin.

Hausata ta yi mini rana a ɗakin nan fiye da yadda na zata. Duk lokacin da aka kawo wani daga Agege ko Mile 12 ko Obalende, ni ake kira. Ta haka na haɗu da wata Hajiya da ta haura saba'in, ɗanta mai sayar da albasa ne ya kawo ta. Ƙafafunta biyu sun yi baka, ta dama ta fi muni, idan ta taka sai ka ji ƙashin yana ƙara. Cif ya gama bayaninsa da Turanci, ɗan ya gyaɗa kai, ita kuwa ta juyo gare ni ta ce, "Ɗana, ni abu ɗaya nake tambaya. In an yi, zan kai goshina ƙasa?" Shekara da shekaru a kan kujera take salla, abin yana damun ta fiye da ciwon. Na fassara wa Cif, sai ya ajiye biro ya ce in faɗa mata gaskiya duka, kada in rage. Na ce, "Hajiya, ciwon da ke hana ki barci, da yardar Allah zai tafi ko ya ragu ƙwarai. Za ki taka ba sanda, za ki hau mota, za ki je gidan biki. Amma zaman tahiya a kan ƙafa, da wuya ya dawo." Yawancin gwiwoyin da aka sauya suna lanƙwasawa zuwa digiri 110 ko 120, wanda ya isa tafiya da hawa bene da tashi daga kujera, zaman salla kuwa yana neman 150 ko fiye. Abin da ya fi nuna inda gwiwa za ta kai bayan aiki shi ne inda take kaiwa kafin aiki, tata kuma da ƙyar take wuce 90. Na gaya mata durƙuso ba haramun ba ne a likitance, wasu suna iyawa, amma da yawa ba sa jin daɗinsa, kuma gefen tabon zai yi mata kamar ba fatarta ba na wani lokaci. Na juya ga ɗan na ce, "Alhaji, masan tsuguno ya ƙare mata, sai ka sa mata na zama kafin ta dawo gida, katifarta ma a ɗaga ta daga ƙasa."

Ta yi shiru, ta ce za ta je ta yi shawara. Da suka fita Cif ya ce mana a rubuce-rubucen da aka yi a ƙasashen da ake wannan aiki da yawa, kusan mutum 1 cikin 5 ba ya gamsuwa da sabuwar gwiwarsa, kuma babban dalili shi ne abin da ya sa rai da shi ba shi ya samu ba. A ganina wannan hirar ita ce darasin da likitan Arewa ya fi buƙata, domin mutanenmu a ƙasa suke salla, a ƙasa suke cin abinci, a ƙasa suke gaisar da manya, littattafan da muke karantawa kuwa an rubuta su ne don masu zaman kujera.

Hajiya ta dawo ta ce a yi. Daga nan aka shiga shiri, wanda ya ɗauki lokaci fiye da aikin kansa nesa ba kusa ba. Tana da ciwon suga, gwajin da ke nuna matsakaicinsa na wata uku ya yi sama, Cif kuma ba ya shiga sai ya sauko ƙasa da 8. Aka tura ta wajen likitan suga, aka duba haƙora da fitsari da fata, aka auna jini da zuciya da ƙoda. Na tambaye ta ko an taɓa yi mata allura a cikin gwiwar, ta ce wani mai kemis ya yi mata ba da jimawa ba, wannan ya ƙara ɗage ranar, don ba a son a sa ƙarfe kafin wata uku da irin allurar nan saboda haɗarin ƙwayoyin cuta. Ga maganar kuɗi. Ƙarfen daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, tun da aka saki naira a 2023 kuwa takardar farashi ba ta daɗewa ba ta sauya ba. Miliyoyin naira ake magana, kuma sai an biya wakilin kamfani ke kawo kaya. Ɗan ya zagaya 'yan'uwa da abokan kasuwa kafin ya haɗa. Mai koyo ya san wannan: ranar da aka sa takan ɗage saboda kuɗi ko jini ko wuta, don haka wanda ya zo na ɗan gajeren lokaci yana iya komawa bai ga komai ba.

A tsakanin nan ne aka fara koya mana aikin kansa, a kan tebur. Kafin kowace ranar tiyata akwai zaman shiri. Za ka tsaya gaban hoto da rula, ka ja layi daga tsakiyar kan ƙashin cinya zuwa tsakiyar idon sawu, ka nuna inda ya bi ta gwiwa, ka auna kusurwar da ke tsakaninsa da doron ƙashin cinya, ka ƙiyasta girman ƙarfen, ka nuna inda ƙashi ya zaizaye. Sannan ka faɗi aikin da baki daga yanka fata har ɗinki, Cif yana katse ka da tambaya: in jijiyar gefe ta yanke fa, in ƙashin ya yi laushi fa, in girman da kake so babu shi a tire fa. Wanda ya kasa faɗa da baki ba zai wanke hannu a matsayin mataimaki na farko ba. Wani kamfani ya shirya mana bita da ƙasusuwan roba, a nan na fara jin nauyin zarton a hannuna da yadda bakinsa ke lanƙwasa idan ka danna shi. Daren kowane aiki kuma nakan je sashen dafa kayan aiki in tsaya tare da wakilin kamfani da nas ɗin tiyata, muna buɗe tirarrukan ɗaya bayan ɗaya har na san kowane ƙarfe da wanda ke biye masa. Kowane kamfani da nasa tsarin, ba a fafe gora ranar tafiya.

A ɗakin tiyata hawa-hawa ake tafiya. Ka fara da riƙe ƙafa da ƙugiyar buɗe rauni, inda ba ka ganin komai sai bayan kan Cif, kafaɗarka tana ciwo. Daga nan ka koma gefen da ake gani. Sai a ba ka rufe rauni, sai buɗewa, sai yanka ɗaya, sai biyu. Kafin wuƙa akwai abubuwan da ba a tsallakewa: allurar ƙashin baya, maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin awa ɗaya kafin yanka, allurar taraneksamik mai rage zubar jini, ɗaurin cinya mai iska, da tabbatar da cewa ƙafar da aka yi wa alama ita ce a gabanka. Ƙofa a rufe take, mai shiga da fita sai ya sha faɗa, kuma sai an tabbatar janareta da batirin zarto suna nan daram.

Buɗewar ita Cif ya fi tsayawa a kai, yana cewa wanda bai gani da kyau ba ba zai yanka da kyau ba. Fata ana tsaga ta a tsakiya, gwiwa tana lanƙwashe, kada a sheme ta da yawa don jininta daga ƙasa yake zuwa. Sai a shiga gaɓar ta gefen ciki na ƙoƙon gwiwa, daga jijiyar cinya a zagayo ƙoƙon a sauka gefen tudun ƙashin ƙwauri, a bar ɗan nama a bakin ƙoƙon wanda za a kama a ɗinke daga baya. Akwai hanyoyin da ke bi ta ƙarƙashin tsokar ko ta cikinta, ya nuna mana su, amma ya ce mai koyo ya riƙe wannan har ta zauna masa, domin ita ce ake iya faɗaɗawa idan abu ya rikice. Idonka kullum yana kan inda jijiyar ƙoƙon gwiwa ta kama ƙashin ƙwauri. Idan ta ɓalle daga nan, aikin ya lalace lalacewar da gyaranta ke da wuya, don haka gwiwar da ta ƙi lanƙwasawa ba a tilasta ta, sai a ƙara saki a sama. A ƙafar da ta yi baka, ana ɗaye naman gefen ciki daga ƙashin ƙwauri a hankali, a cire duk tsiron ƙashin da ya fito a gefuna tun kafin a taɓa wata jijiya, sau da yawa wannan kaɗai yake sassauta gefen da ya ɗaure.

Yankan kuma lissafi ne. Ƙarshen ƙashin cinya ana yanke shi a karkace digiri 5 zuwa 7, a cire kimanin milimita 9, daidai kaurin ƙarfen da zai maye gurbinsa. Saman ƙashin ƙwauri ana yanke shi a miƙe da layin nauyi, wato layin nan daga ƙugu zuwa idon sawu, milimita 8 zuwa 10 daga gefen da bai zaizaye ba, da ɗan gangare zuwa baya gwargwadon irin ƙarfen. Ƙarfen cinya ana juya shi waje kimanin digiri 3, a duba da layin Whiteside, mai bin tsakiyar kwarin da ƙoƙon gwiwa ke zamewa a ciki, da layin da ya haɗa tudun gefe biyu, domin in ya juya ciki ƙoƙon gwiwa ba zai bi hanyarsa ba. A ranar Hajiya aka ba ni buɗewa da yankan ƙwauri. Da bakin zarto ya kusa bayan ƙashin, Cif ya ɗora hannunsa a kan nawa ya ce in sassauta, in bar shi ya taɓa ya dawo. Babbar jijiyar jinin ƙafa tana kwance a bayan nan, tazarar ba ta kai faɗin yatsa biyu ba. Gumi ya jiƙa mini baya duk da sanyin ɗakin. Da aka ɗaga ɓallin ƙashin sai ga rami a gefen ciki inda ya zaizaye, kamar yadda hoto ya nuna, aka cike shi da sukurori da simintin tiyata, wanda ake manne ƙarfe da ƙashi da shi, tun da bai yi zurfin da zai nemi ƙarin ƙarfe ba.

Abin da ya fi wuyar shiga kai shi ne daidaita gaɓar. Kamar kafinta ne mai rataya ƙofa, ba ya isa ta shiga gurbinta, sai ta buɗe ta rufe ba ta cije ba ba ta yi lilo ba. Ana saka tubalin gwaji ƙafa tana miƙe, a sake sakawa tana lanƙwashe, tazarar biyu su zo ɗaya, gefe da gefe su yi daidai. In ta matse a miƙe kaɗai, ka saki bayan gaɓar ko ka ƙara yankan cinya. In ta matse a lanƙwashe kaɗai, ka rage girman ƙarfen cinya ko ka ƙara gangaren ƙwauri. In ta matse a duka biyun, ƙwauri za ka ƙara yankewa, in ta yi sako-sako a duka biyun sai a ƙara kaurin robar da ke tsakanin ƙarafunan biyu. Wannan ana haddace shi a dare ɗaya, amma jin sa a hannu sai an maimaita. Cif yakan sa kowannenmu ya girgiza gwiwar ya faɗi abin da ya ji kafin shi ya faɗi nasa. Yakan ce tun da likitan ƙashi John Insall da abokan aikinsa suka fito da nasu samfurin a New York a shekarun 1970, ƙarfe ya sauya sau da yawa, yanzu har da na'ura mai taya yanka, amma wanda bai iya wannan da hannu ba na'ura ba za ta rufa masa asiri ba. Siminti kuma ba ya jira. Da an kwaɓa shi mintuna kaɗan gare ka, zafi kuma yana gaggauta kamawarsa, shi ya sa a Legas ake ajiye shi a wuri mai sanyi, kuma ba a buɗe shi sai an wanke ƙashi an busar, kowa ya san abin da zai miƙa.

Washegari masu gashin ƙashi suka tayar da Hajiya da ƙarfen tafiya mai ƙafa huɗu. Ɗanta ya biyo ni waje ransa a ɓace, ya ce, "Likita, jiya fa aka yanka ta." Na zaunar da shi na yi masa bayanin cewa kwanciyar ce abin tsoro, ita ke kawo gudan jini a jijiyar ƙafa wanda kan iya tafiya huhu, ita ce kuma ke sa gwiwa ta ƙage. Ana ba da maganin hana daskarewar jini, amma tafiya tana cikin maganin. Na roƙi matan gidan kada su sa mata filo a ƙarƙashin gwiwa, a ƙarƙashin diddige za a sa don ƙafar ta miƙe, kuma kada a kusanci raunin da ruwan zafi ko man shafawa ko wani abu daga mai ɗori. Bayan mako biyu aka cire ɗinki. Lokacin da na baro Legas tana tafiya da sanda ɗaya, gwiwar ta wuce 100, tana barci, tana kuma salla a kujerarta. Har ta fara tambayar yaushe za a yi ta hagu.

Na ga ɗaya fuskar ma. An kawo wani bawan Allah da aka yi wa aikin a ƙasar waje, gwiwa ta kumbura tana fitar da mugunya, ba shi da ko takarda ɗaya da ke nuna irin ƙarfen da ke jikinsa. Ƙwayoyin cuta suna kama mutum 1 ko 2 cikin 100, amma wanda abin ya faɗa wa sau da yawa sai an cire komai, a sa siminti mai magani, ya yi makonni yana shan allura, sannan a sake wani aikin da ya fi na farko tsada. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kimanin kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya suna kai shekara 25, sauran kuwa wani ne zai buɗe su, don haka Cif ba ya barin mara lafiya ya fita sai an manna lambobin ƙarfensa a fayil an kuma ba shi kwafi.

Littafin ayyukanka ka riƙa kai shi a sa hannu a ranar da aka yi aikin, ka rubuta gaskiyar matsayinka, kallo ka yi ko taimako ko kai ka yi ana tsaye a kanka, domin masu jarrabawa da tambaya biyu suke gane wanda ya ƙara gishiri. Ka ajiye hotunan kafin aiki da na bayansa ba tare da sunan mai su ba. Takardar kammalawa ka fara neman ta tun saura makonni, sai ta bi ofisoshin da ta farko ta bi, da rasitin nan a manne. A tambayar ko ana barin baƙo ya riƙe zarto, ana bari, amma sai wanda aka gani a ɗakin ganin marasa lafiya da zaman shiri da zagayen yamma. Wanda ke ɓullowa ranar tiyata kaɗai a riƙon ƙafa zai ƙare.

Kuma kada ka je kai kaɗai in da hali. Ni da na dawo na tarar abin da ya rage mana ba hannun likita ba ne: nas ɗin da ta san tirarrukan, mai gashin da zai tayar da mutum washegari, na'urar dafa kaya da za a amince da ita, ɗakin gwaji mai iya gano ƙwayar cuta, da kamfanin da zai kawo kowane girma har Arewa ba rabi ba. Yanzu haka takardar nas ɗinmu ɗaya da mai gashi ɗaya tana kan hanyar da tawa ta bi. Mun ware marasa lafiya na farko, masu ƙafar baka mara tsanani, ba ƙiba ba suga, masu gwame da waɗanda gwiwarsu ta ƙage kuma muna tura su gaba tukuna. Cif ya amsa zai zo ya tsaya a kaina ranar da za mu fara, mu ne da kuɗin jirgi da masauki.